An Koya Mana Ɗorawa, Ba a Koya Mana Saukewa Ba

A makarantar koyon aikin jinya, da kuma shekarun da muka yi muna bin manyanmu a ɗakunan masu larurar ƙwaƙwalwa, babu abin da aka koya mana da kyau kamar yadda ake ɗora mutum a kan magani. Nawa za a fara da shi, yaushe za a ƙara, wace allura ake yi wa wanda aka kawo yana fisge-fisge ƙarti huɗu sun rirriƙe shi. Yadda ake sauke mutum daga kan maganin kuwa, ba a ware masa darasi ba. Magana ɗaya muka gada daga na gaba da mu: "Kada ya kuskura ya daina." Ita muka yi ta faɗa wa iyaye da mazaje da 'yan'uwa shekara da shekaru. Su ce to, in Allah ya yarda, su koma gida, da yawansu kuma su daina. Tarihin wannan aiki a ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, rabinsa tarihin wannan dainawa ne da ba a rubuta a katin kowa.

Kafin ƙwaya ta zo, abin da muka sani shi ne abin da sauran ƙasar Hausa ta sani. Wanda hankalinsa ya taɓu amma ba ya taɓa kowa, a bar shi ya yi ta yawonsa, gidan da ya shiga a ba shi tuwo. Wanda yake duka ko yake neman faɗawa rijiya, a sa shi a turu a bayan gida ko a buga masa mari. A kai shi wurin malam a yi rubutu da tofi da hayaƙi, in dangin masu bin bori ne a yi masa girka. In ya yi ɓarnar da ta kai gaban alƙali, ya ƙare a gidan yarin En'e, domin a zamanin Turawa can ake ajiye irinsu a Arewa. Gidajen da Turawan suka ware domin wannan, na Kalaba da na Yaba a Legas wanda aka buɗe a 1907, suna can kudu, kuma su ma ajiya ce kawai. Dokar da suka kafa a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, tsare mutum ta sani, ba ta san yi masa magani ba.

A Disamban 1950 wani masanin haɗa magunguna a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, Paul Charpentier, ya haɗa ƙwayar da duniya ta sani da suna Largactil. A 1952 likitoci biyu a asibitin Sainte-Anne na birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada ta a kan masu taɓin hankali, suka ga mutumin da yake kwana yana ihu ya natsu har ana hira da shi. A 1958 kamfanin Paul Janssen na Beljiyam ya fito da Haldol. Daga baya aka samu Modecate, allurar da ake yi a ɗuwawu ta riƙe mutum mako biyu zuwa huɗu, wadda mutanenmu ke ce wa allurar wata-wata. Wanda bai ga turu da idonsa ba ba zai gane girman abin da waɗannan magunguna suka yi ba. Na ga mutumin da mari ya ci masa idon sawu har ya bar tabo zagaye, bayan 'yan watanni yana tsaye a sahun gaba ranar Juma'a. Duk abin da zan faɗa nan gaba game da wahalar maganin, kada a manta da wannan.

A Nijeriya, wanda ya fara haɗa sabon magani da rayuwar gida shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta: majinyaci ba ya kwana a asibiti, yana zaune a gidan wani a ƙauye tare da ɗan'uwansa guda, da safe ya zo a duba shi. Ya kuma yarda ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Binciken da hukumar ta yi a ƙasashe da dama, wanda Ibadan take cikinsa, ya nuna masu irin wannan ciwo a Ibadan da Indiya sun fi na Turai samun sauƙi bayan shekaru. Har yau masana na gardamar dalili, amma da yawa sun danganta shi da dangi da sana'a. Ina ambaton wannan ne saboda abin da Lambo ya gane tun wancan lokaci, wato ɗan'uwan da ke kusa da majinyaci, shi ne ginshiƙin duk wani rage magani da ya taɓa tafiya daidai a hannuna.

Ni na shigo aikin a tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. A lokacin, mai larura daga ƙauyukanmu hanyarsa Kano ce, tafiyar sama da kilomita 100, a motar kasuwa, a ɗaure da rawani ko igiyar guga. A kwantar da shi makonni, a sallame shi da takarda. Takardar nan kusan iri ɗaya ce ga kowa: Largactil da dare, Haldol ko Stelazine da safe, sai Artane a haɗa. Mutum ya dawo ƙauye da takardarsa, ya nannaɗe ta a leda ya sa a ƙasan akwati. Ita zai yi ta nuna wa mai kyamis shekara biyar, shekara goma, har rubutun ya goge a riƙa sayar masa da ka. Babu wanda ya sake dubawa ya ce wannan adadin na lokacin tashin ciwo ne, yanzu ya kamata a rage.

Ga abin da ake gani a jikin wanda ya daɗe a kan irin wannan haɗi. Tafiyarsa ta sanƙare, hannuwa ba sa lilo, fuska ba walwala, yatsu na karkarwa, miyau na dalala a kan matashi. Barci har hantsi, ga gona na jira. Mace jinin al'adarta ya ɗauke, nono ya kawo ruwa ba ta shayarwa, gida ya ɗauki surutu. Namiji ya rasa ƙarfinsa wajen iyali, kuma wannan sai ka kore kowa daga ɗaki ka yi ƙasa da murya kafin ya faɗa maka. Wasu bayan shekaru baki ya fara motsi shi kaɗai kamar mai cin goro, harshe na leƙowa, abin da likitocin Turai suka fara bayyanawa tun 1957, kuma sau da yawa ba ya tafiya ko an daina maganin.

Akwai wanda ke zuwa da gaggawa. An taɓa kawo mini wani saurayi daga wani ƙauye dab da iyaka, a kan amalanke, wuyansa ya karkace gefe, idanunsa sun kafe sama sai fari, harshe waje. Kwana biyu kafin nan wani mai shagon magani ya ba shi Haldol saboda rashin barci. Mahaifinsa ya riƙe hannuna yana cewa, "Likita, mutanen ɓoye ne, mun kwana ana karatu a kansa." Allura ɗaya aka yi masa, kafin a idar da sallar La'asar yana zaune yana shan fura. Tsohon ya daɗe yana kallon sirinjin da ke cikin tasa. Irin wannan ne ya sa aka mai da Artane abokin tafiyar dole, ana rubuta wa kowa tun ranar farko, ko yana bukata ko ba ya bukata. Za mu dawo kan Artane, domin ya zo ya zama nasa ciwon.

To me ke sa mutanenmu su daina? A Turai, masu tunanin dainawa suna zaune ne da likitansu suna shawarar ko a rage ko kada a rage. Mu a nan magani ne ke yanke kansa. Aljihu shi ne na farko. Tun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, maganin kyauta ya yi ƙaura daga asibitocin gwamnati, aka koma tsarin asusun magani mai juyawa da aka amince da shi a Bamako a 1987, wato ka biya a sayo wani. Ciwon da ake sha wa magani kwana biyar ya dace da wannan tsari. Wanda ake sha wa shekara goma kuwa, da damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, tsakanin kwanon gero da ƙwayar yaya an san wanda za a zaɓa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira, kuɗin mota da kuɗin magani suka tashi tare, muka ga fuskokin da muka daɗe ba mu gani ba sun dawo a ɗaure.

Iyaka ma na da nata. Masu zuwa daga ƙauyukan jihar Damagaram sukan haɗa cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da karɓar allura ko sayen ƙwayar wata. Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wasunsu sun ɓace mana, maganinsu ya yanke ba da shawarar kowa ba.

Sai aure. Wannan na fi jin zafinsa. Yarinya ta samu lafiya shekara uku a kan magani, miji ya fito, uwa ta kwashe ƙwayoyin ta jefa a masai ana saura mako guda ɗaurin aure, don kada dangin ango su gani a cikin kaya. In ka yi magana ta ce, "Malam, kai ma uba ne. Wa zai auri mai shan maganin mahaukata?" Amarya ta tare a baƙon gida, ga hayaniyar biki, ga rashin barci, ga magani an yanke rana ɗaya. Wata guda bai cika ba a dawo da ita, a ce kishiya ce ta yi mata sammu ko aljani ne ya aure ta. Wasu kuma azumi ne: mutum ya ga ba zai sha da rana ba sai ya bari gaba ɗaya, alhali yawancin waɗannan magunguna ana iya mayar da su tsakanin buɗa-baki da sahur in an tambayi ma'aikacin lafiya. Akwai mai ciki da ke tsoron abin da ke cikinta. Akwai wanda mai ruƙiyya ya ce masa ya ajiye na asibiti tukuna, ko da yake in za a yi adalci, malamai da yawa yanzu su ke turo mana mutane suna cewa a haɗa biyun. Akwai kuma wanda ya gaji kawai. Ya ce, "Likita, na yi noma bana, na sayar da riɗina da kaina, na lissafa kuɗina daidai. Har yaushe?" Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ta cancanci amsar da ta fi "har abada".

Duk wanda ya daina ya dawo a rikice, abin da ake rubutawa a kati ɗaya ne: ciwo ya dawo. Amma wanda ya daɗe yana kallo zai lura abubuwa biyu ne suke kama da juna. Na farko yana zuwa da wuri, cikin kwanaki kaɗan da yankewa: barci ya ƙaurace sam, tashin zuciya, amai, zawo, zufa ko da sanyin hunturu, ciwon kai, faɗuwar gaba, da wata irin ƙaiƙayin ƙafa daga ciki da ke hana mutum zama, ya tashi ya zauna ya zaga tsakar gida har asuba. Wannan jiki ne ke neman abin da ya saba. An fi ganinsa ga masu shan Largactil da wani sabon magani mai suna olanzafin, da wanda ya yanke Artane farat ɗaya. Na biyu shi ne ainihin dawowar ciwon, wanda yakan ɗauki makonni ko watanni, ya zo da irin alamun da mutumin ya fara da su: zargin maƙwabta, jin muryoyi, magana shi kaɗai. Matsalar ita ce na farkon yana iya buɗe wa na biyun ƙofa. Mutum ya yi mako bai runtsa ba, ko lafiyayye ne hankalinsa zai girgiza.

Dalilin yana cikin yadda maganin ke aiki. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, wanda ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi. Waɗannan magunguna suna toshe wuraren da yake sauka. In aka daɗe ana toshewa, ƙwaƙwalwa takan ƙara yawan wuraren da kuma kaifinsu don ta rama. Wanda ya taɓa ganin ana jan bijimi a kara ranar kasuwar Maigatari ya san hoton: kana ja yana ja, ya jingina dukkan nauyinsa a kan igiya. Ka sassauta kaɗan-kaɗan, zai gyara tsayuwa. Ka saki gaba ɗaya, da baya zai zube. Wani likita a Kanada, Guy Chouinard, ya yi rubutu a kan wannan tun wajen 1980, yana cewa wata rikicewar da ake gani bayan yanke magani sabawar ƙwaƙwalwa da maganin ce ta haifar da ita. An daɗe ba a ba maganarsa muhimmanci ba.

Binciken da aka yi daga baya bai ba kowane ɓangare nasara dukka ba, kuma ya kamata a faɗi haka ƙarara. A 2012 Stefan Leucht da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 65 a mujallar Lancet: cikin shekara guda, kashi 27 cikin 100 na masu ci gaba da magani ciwonsu ya tashi, waɗanda aka cire wa kuwa kashi 64. Tazara ce babba, duk da cewa a yawancin gwaje-gwajen an cire maganin ne da sauri. A 2013 Lex Wunderink na ƙasar Holan ya fitar da sakamakon bin sawun waɗanda ciwon ya kama sau ɗaya har shekara bakwai. Waɗanda aka rage wa magani sun fi samun tashin ciwo a farkon lokaci, amma a ƙarshe kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun koma cikakkiyar rayuwa da aiki, sauran kuwa kusan kashi 18. Masu son ragewa suka yi murna. Sai a 2023 Joanna Moncrieff ta Landan, wadda ita kanta tana cikin masu sukar dogon shan magani, ta fitar da gwajin RADAR a kan mutum 253 da ciwon ya sha tasar musu. Bayan shekara biyu, kashi 25 cikin 100 na waɗanda aka rage wa sun yi mummunan tashin ciwo, na ɗaya ɓangaren kashi 13, kuma ba a ga ragewar ta inganta zamansu da mutane ba. Na girmama ta da ta buga abin da bai goyi bayan ra'ayinta ba.

Abin da ni na ɗauka daga wannan duka shi ne mutanen da ke kan maganin ba iri ɗaya ba ne, kuma takardar ƙasan akwati ba ta bambance su. Akwai wanda ciwon ya tasar masa sau uku sau huɗu, kowane tashi sai an yi jini ko an nemo shi a daji. Wannan ina gaya masa gaskiya cewa zamansa a kan magani ya fi masa, abin da za mu nema shi ne mafi ƙarancin adadin da zai riƙe shi. Amma akwai matar da hankalinta ya gushe sau ɗaya bayan haihuwa shekara takwas da suka wuce. Akwai yaron da wiwi ne ya birkita shi kuma ya daɗe da bari. Akwai wanda zazzaɓi mai zafi ne ya sa shi sambatu aka ɗora shi a kan Largactil, da tsohuwar da aka ba don ta riƙa barci. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin ƙananan ma'aikatan lafiya irinmu ya ce wanda ciwon ya kama karon farko ya ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan ya warware, sannan a duba yiwuwar ragewa tare da ƙwararre. Dubawar nan ita ce ba a yi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma wasu na barin ƙasar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma daga ƙauyen Gagarawa zuwa kowannensu yini ne da kuɗin mota na mutum biyu.

Yadda ake ragewar ma ilimi ya ƙaru. A 2021 Mark Horowitz da wasu masana a Ingila suka nuna cewa ƙarfin maganin a ƙwaƙwalwa ba ya tafiya daidai da lambar da ke jikin ƙwaya. Ɗan ƙaramin adadi yana toshe kaso mai yawa. Saboda haka saukowa daga miligiram 10 zuwa 5 ta fi sauƙi a kan saukowa daga 2 zuwa babu. Suka ba da shawarar a riƙa cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na adadin da mutum yake kai a lokacin, a jira wata uku zuwa shida kafin a sake, har ƙarshen ya zama ɗan mitsitsi. Ma'ana aikin shekaru ne, kuma ƙarshensa ya fi farkonsa wuya. Wannan ya yi daidai da abin da muke gani: mutum ya sauko lafiya har rabin ƙwaya, ya ce ai wannan ba komai ba ce, ya watsar, wata biyu a kawo shi.

A Holan har ana shirya wa mutum ƙwayoyi a jere masu raguwa kaɗan-kaɗan. Mu reza muke da ita. Akwai wani tela a cikin garin Gumel da muka yi wannan tafiya da shi, da izinin likitan da ke dubansa. Ciwon sau ɗaya ya taɓa kama shi, yana saurayi, ya kuma shekara da shekaru yana shan Haldol, hannunsa na rawa har zare ba ya shiga allura sai yaronsa ya sa masa. Yakan ɗora ƙwayar a kan murfin kwano mai tsabta, ya kafa sabuwar reza a kan tsagin da ke tsakiyarta, ya danna da babban yatsa. Rabin ya sake rabawa, in ta marmashe ya ware ta gefe. Matarsa ce ke riƙe da ɗan littafi, kullum ta ja layi in ya yi barci, ta yi zero in bai yi ba. Ita ta kafa sharaɗin da kanta a gabana: "Malam, in na ga zero biyu a jere zan aiko yaro, ko maigida ya yarda ko bai yarda ba." Shi kuma ya yi dariya ya ce ya yarda. An aiko yaron. Muka koma adadin da ya bari a baya, muka zauna a kai har damina ta wuce, sannan aka ci gaba. Yau yana kan ɗan ɓangaren da ya ce ba zai bari ba, kuma ban matsa masa ba. Hannunsa ya daina rawa, ɗinkin sallah ba ya mayarwa.

Ƙa'idodin da muke bi ba su da yawa. Magani ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Ba a farawa dab da biki, ko farkon azumi, ko lokacin rasuwa, ko mace na jego. Ba a yin yau a sha gobe a tsallake da ƙwayar da ke saurin fita daga jiki, gara a rage girmanta a sha kullum. A ajiye ragowar tsohon adadi a gida saboda komawa baya. A samu mutum ɗaya a gidan wanda majinyacin ya yarda da shi, wanda ya san alamun farko na ciwonsa. Wanda ke kan allurar wata-wata nasa ya ɗan fi sauƙi ta wani gefen, tun da ita da kanta take fita a hankali, amma wahalarta kan makara, sai bayan wata biyu ko uku a gan ta, lokacin kowa ya saki jiki. Kwanakin farko bayan kowane ragi, mutum ya rage goro da shayi mai kauri da yamma, ya nisanci wiwi da sauran kayan maye, ya ci abinci kaɗan-kaɗan in zuciya na tashi, ya gajiyar da jiki da aikin gona ko tafiya, ya kwanta a lokaci ɗaya kullum. Yawancin wannan wahala takan lafa cikin 'yan makonni. In kuwa ya fara maganar kashe kansa, ko ya ƙi abinci, ko muryoyi suka dawo, ko jiki ya sanƙare da zazzaɓi, ba a jiran ranar kasuwa.

Na ce zan dawo kan Artane. Samari sun gano shi, suna sha don maye da sunan Exol, ya shiga sahun taramol da maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana a Mayun 2018. Sakamakon haka mai larura na gaskiya ya shiga tsaka mai wuya: wani mai kyamis ya ƙi sayar masa, wani ya ninka kuɗi, a hanya in an caje shi aka ga ƙwayar a aljihu sai ya yi dogon bayani. Ga shi kuma magani ne da yanke shi rana ɗaya ke kawo amai da zufa da sanƙarewa. Da yawa daga masu shansa shekaru ba sa ma bukatarsa, amma shi ma da sannu ake sauka, kuma sai bayan an rage babban maganin. Sababbin magunguna irin su risfaridon da olanzafin, da suka fito a 1993 da 1996 suka iso mana daga baya, sun rage karkarwa da dalala, sai dai sun fi tsada, kuma olanzafin na kawo ƙiba da ciwon suga. Na ga 'yan mata sun watsar da shi saboda zanensu ya daina zagaye su.

A takarda mun ci gaba. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. Jigawa ta kafa tsarin Gunduma a 2007 don kusanto da asibiti ga jama'a. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wata mai bi aka buɗe wani a Daura, duniya ta ga sarƙa a ƙafafun yara da manya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi a kan maganinsa. Haƙƙin nan ba zai yi aiki a Sule Tankarkar ba sai in ma'aikacin ƙaramin asibitin da ke can ya san bambancin wahalar yanke magani da dawowar ciwo, yana da lambar likitan da zai kira, kuma kantin asibitin na da ƙananan ƙwayoyi na miligiram 1 da 2 ba manya kaɗai ba. Wannan ba ya bukatar sabon gini. Horo ne na 'yan kwanaki da kuma gyara takardar sayen magani, kuma ina kira ga hukumomin lafiya na jiha da shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu su duba shi.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, ku daina rufe bakin mai tambayar "har yaushe". In kun ce masa har abada, ba zai sake tambayarku ba, zai yanke a ɓoye. Kai kuma mai karatu, in akwai mai shan irin wannan magani a gidanku, ka ciro takardar nan daga ƙasan akwati, ka haɗa da kwalayen da yake sha, ku zo tare da shi tun ƙwayar ba ta ƙare ba. In niyyarku dainawa ce, ko aure ne ya taso, ko kuɗin ne babu, ku faɗa mana a fili, a zauna a tsara.